Taku Huɗu-Huɗu a Wani Gareji a Barnawa

Bes ce ta rage, shi ya sa ta zama tawa. Ranar da abokin aikina ya ja ni zuwa wani gareji a Barnawa, nan cikin Kaduna, inda mutum huɗu ke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar suna kiɗan jaz, da gitata na tafi, irin mai waya shida da na yi shekaru ina ɗan taɓawa a ɗaki. Zatona za a ba ni kujera in nuna abin da na iya. Shugabansu dattijo ne mai busa tirampet, ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda yana saja, kowa Baba yake ce masa. Ya dubi gitar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, masu gita sun yi wa garin nan yawa. Ga abin da muke nema can." Ya nuna lungu da leɓe. Bes ce, wato wata doguwar gita mai zurfin murya, jingine da bango ta sha ƙura, wayoyinta huɗu masu kauri kamar na burkin babur. Mai ita an yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal ya bar ta nan, wata biyar ke nan mai fiyano yana riƙe ƙasan kiɗan da hannun hagu yana mita.

A raina na ce abin ya zo da sauƙi. Wanda ya iya shida, huɗu ce za ta gagare shi? Ɗaurinta ma iri ɗaya ne da na manyan wayoyin gita huɗu, wato E, A, D, G, sai dai muryarta ta fi zurfi da oktaf guda, wato taki takwas na matakalar sauti. Da na rataya ta na miƙa hannun hagu zan kama F a firet na farko, sai na ga kamar wuyan nata ba shi da iyaka. Tsawon wayar bes daga gada, inda aka kafe wayoyin a jikinta, zuwa kai inci 34 ne, na gitar da na saba kuwa bai kai 26 ba, don haka ƙarafunan nan da aka gitta a wuya, su ne firet, sun yi wa juna nisa. Yatsu huɗu ba sa rufe gida huɗu a can wajen kai sai an wahala. Sai daga baya na koyi dabarar masu babbar bes ta katako: manuni da na tsakiya da ɗan ƙarami su rufe gida uku, na kusa da ƙaramin ya taya shi dannawa. Hannun dama kuma, Baba ya karɓe 'yar robar da nake kaɗa gita da ita ya jefa aljihu, ya ce yatsa biyu, manuni da na tsakiya, wannan ya ja wannan ya ja, kamar ƙafafun mai tafiya. Kafin a kira magariba duka biyun sun yi bororo. Sai da aka yi mako uku kafin su yi kanta.

Abin da aka fara ɗora ni a kai shi ne buluz. Mai fiyanonmu malamin makaranta ne da ke kaɗa wa cocinsu ranar Lahadi, muna ce masa Ticha, yakan ce in riƙa ƙarasa kalmar da kyau domin Bulus sunan mutum ne. Buluz gini ne mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu, in an kai ƙarshe a koma farko, a yi ta zagayawa har kowane mai busa ya faɗi abin da ke bakinsa. Ticha ya rubuta mini kod ɗin kowace gaɓa, wato sautukan da ake haɗawa a buga tare, a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa: F, B-filat, F, F, B-filat sau biyu, F, D, G, C, sannan gaɓa biyu na juyi da ke mayar da mutum gida. Na tambaya me zai hana mu yi shi a E ko A, inda waya ke buɗe ba sai an danna ba. Mai saksofon ya yi dariya har da buga ƙafa. Tirampet da tenor saksofon a kan B-filat aka ƙera su, shi ya sa F da B-filat da E-filat suka fi zama musu a yatsu. Ɗan gita in ya shigo cikin masu busa, sai ya ajiye ki ɗin da ya saba, wato sautin da ake gina kiɗa a kansa, a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Umarnin Baba a ranar guda ɗaya ne: tushen kowane kod, wato sautin da kod ɗin ya ci sunansa, a bugu na ɗaya da na uku, "kada ka ƙara ko gishiri." Na yi haka wajen minti ashirin, raina yana ɗan sosuwa, don gani nake an mayar da ni yaro. Amma na lura da abu biyu. Ticha ya ɗauke hannun hagunsa daga ƙasan fiyano, kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. Sannan duk sanda na danna inda bai dace ba, kod ɗinsa da yake daidai shi ke fitowa kamar kuskure. Da aka tashi salla ya nuna mini dalili. Ya danna C da E da G, ya ce in kaɗa C, muka ji kod mai haske sarai. Ya ce in koma A. Nan take kod ɗin ya sauya fuska, ya yi sanyi kamar an yi masa rasuwa, alhali Ticha ko yatsa bai motsa ba. Kunne daga sautin da ya fi zurfi yake ɗora lissafinsa. Daga ranar ban sake raina sauti biyu a gaɓa ba.

Baba ya yarda in tafi da bes ɗin gida, Ticha kuma ya tura mini kiɗe-kiɗe a waya ya ce in saurari abin da mai bes ke yi. Na kunna, na kasa kunne, babu bes babu alamarta. Na kira shi na ce ya turo mini waɗanda ba su da ita. Ashe lasifikar wayar hannu ce ba ta iya fitar da sautin. Babbar wayar E sau 41 kawai take karkarwa a sakan guda, lasifikar da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba kuwa ba ta da ƙarfin tura iskar da wannan ke buƙata. Da na sayo iyafis mai rufe kunne, sai ga mutanen sun bayyana a ƙarƙashin kiɗan, da ma can suna nan: Paul Chambers, Ray Brown, Ron Carter, wanda a 2015 aka ƙirga masa faifai 2,221 da ya yi kiɗa a cikinsu har ya shiga kundin tarihi na duniya. Na yi dare da yawa ina bin su da hanci kafin in bi su da yatsa.

Akwai aikin da ba wanda ya gaya mini sai da na ɗauki kaina a waya na saurara: rabin kaɗa bes, hana sauran wayoyin magana ne. In ka kaɗa ɗaya, 'yan uwanta sukan kama karkarwa su kaɗai, sai guna-guni ya taru a ƙasa kamar tirela na ɗumama inji a bayan gida. Maganinsa babban yatsan dama ya kwanta a kan manyan wayoyin da ba a aiki da su, yatsun hagu kuma su kwanta a kan ƙananan ba tare da sun danna ba. Wannan ya ci mini wata guda, kuma ba abin da za ka nuna wa kowa ba ne ka ce ga abin da na koya.

Sai aka zo kan tafiya. Abin da ya sa bes ɗin jaz ta fita daban ke nan: sauti ɗaya a kowane bugu, huɗu a gaɓa, tsawonsu ɗaya, babu tsayawa, ana bin kod daga wannan zuwa wancan kamar mai taka matakala. Baba bai taɓa kaɗa bes ba, amma shekara da shekaru yana busa a kanta, kuma yadda ya bayyana mini ya fi duk wani bidiyo da na kalla. Ya ce, "Bugu na ɗaya nawa ne, ka ba ni tushe. Na biyu da na uku naka ne, ka yi yawonka. Na huɗu kuma ya nuna mini ƙofar da za ka shiga." Ga misali daga F zuwa B-filat. Kana iya taka F, A, C, duka 'yan gidan kod ɗin F ne, a na huɗu ka taka B, wadda ke rabin taki a saman B-filat, sai ka zamo ka sauka a kanta. Ko kuma ka hau daga ƙasa: F, G, A-filat, A, sai B-filat. Waccan B ɗin ta misalin farko baƙuwa ce, ba ta cikin kod ɗin, ba ta ma cikin ki ɗin gaba ɗaya. Da za ka tsaya a kanta kowa sai ya yamutsa fuska. Amma tun da wucewa take yi, kuma ta kai ka inda ake jiranka, kunne har daɗinta yake ji.

A faɗe abin ba wuya. A yi shi ne aiki, domin zagaye ɗaya na buluz sauti 48 ne, kuma in tirampet da saksofon da fiyano kowa ya ɗauki zagaye uku, aka haɗa da na buɗewa da na rufewa, mai bes ya zaɓi sauti sama da 500 ke nan a kiɗa ɗaya, ba tare da ya samu sararin sosa hanci ba. Ni dabarar ɗan makaranta na yi. Na rubuta zagaye uku a littafin rubutu, na haddace su tsaf, na zo Asabar ina ji da kaina. Makon farko aka yaba. Mako na uku, muna cikin kiɗa, sai na ji mai saksofon ya cire bakinsa daga abin busa yana rera layin nawa da hanci, yana riga ni isa kowane sauti, har da ɗaga gira a inda zan hau. Kowa ya fashe da dariya. Na koma gida na yaga shafin. Abin da ya fisshe ni shi ne koyon ƙananan hanyoyi tsakanin kod biyu, uku ko huɗu ga kowace mahaɗa, musamman jerin nan na biyu zuwa biyar zuwa ɗaya, wanda a F yake nufin G zuwa C zuwa F, kuma kusan babu kiɗan jaz da ba ya ratsawa ta cikinsa. In ka san lunguna da yawa na unguwa, ba sai ka tsara hanya tun daga gida ba.

Da yatsu suka fara sakewa sai wata cuta ta kama ni. Na gano Richard Bona, ɗan Kamaru da aka haifa a Minta a 1967, wanda ya fara da balafon yana yaro, ya yi kiɗa a wani kulob na jaz a Duwala, a can ya ji faifan Jaco Pastorius ya koma bes. Daga shi na bi na gano Jacon kansa, mutumin da ya cire firet ɗin bes ɗinsa ya sa ta tana rera waƙa kamar murya, ya shiga ƙungiyar Weather Report a 1976. Na ce to, ɗan Afirka ɗan uwana ya yi, ni me zai hana? Na fara cusa ƙananan sautuka tsakanin bugu, ina hawa can saman wuya, ina amsa wa mai saksofon magana tun bai rufe baki ba. Baba ya yi haƙuri Asabar biyu. A ta uku ya sauke tirampet a tsakiyar busa, kiɗa ya watse. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa tsayawa wajen makaɗan kalangu ka saurara?" Na ce sau da yawa, Baba. Ya ce, "Kalangu yana magana, yana kirari, yana zambo. Yaron da ke riƙe da kuntukuru fa, ka taɓa jin ya bar wurinsa ya ce shi ma bari ya yi kirari?" Na yi shiru. Ya ce, "Su waɗannan da kake kwaikwayo, sai da suka iya riƙe ƙasa kafin su hau sama. Na sa ƙafa zan taka, na tarar ka janye tabarma." Har yau ina ganin ya ɗan tsananta, domin ado kaɗan a inda ya dace yana ƙara wa tafiya armashi, kuma manyan da yake so ɗin ma suna yi. Amma a lokacin da gaskiyarsa, nawa adon ɓoye rashin daidaiton bugu yake yi.

Wanda ya tona wannan shi ne mai gangarmu, ƙaraminmu duka, ɗalibi ne, Yaya yake ce mini. Wata rana ya ce, "Yaya, don Allah kada ka ji haushi, ja na kake yi." Na musa. Ya ajiye waya ya ɗauke mu, muka auna: mun fara a bugu 120 a minti, mun ƙare a wajen 140. In kiɗa ya yi daɗi sai in ruga, in hannu ya gaji sai in ja baya, shi kuma yana tsakiya yana fama. Ya koya mini yadda 'yan jaz ke aiki da metronom, agogon nan mai ƙas-ƙas da yanzu kowa ke saukewa a waya. Ba a sa shi ya buga duka huɗun. A sa shi a 60, a ɗauki kowane ƙas a matsayin bugu na biyu da na huɗu, inda mai ganga ke rufe faifan ƙarfensa biyu da ƙafar hagu. Na ɗaya da na uku babu mai ba ka, kai za ka samar da su. Kwanakin farko ƙwaƙwalwata ƙi ta yi, ko yaya na fara sai ƙas ɗin ya juye ya koma ɗaya. Sai da na riƙa furta "biyu, huɗu" da baki ina zagaya falo kafin in ɗauki bes, matata tana kallona tana girgiza kai. A gareji kuma na sauya wurin tsayuwa, na koma inda nake ganin ƙafar hagun yaron da sandarsa a kan babban faifai. Ranar da yatsana da sandarsa suka fara sauka tare, ba wanda ya ce komai. Baba dai ya ɗauki zagaye biyar maimakon uku.

Buluz gajere ne, da wuya mutum ya ɓace a ciki. Inda na sha wuya shi ne tsofaffin waƙoƙin Amurka masu gaɓa 32, waɗanda aka kasa huɗu, takwas-takwas: kashi na farko, a maimaita shi, sai gada mai wata hanya daban, sai a koma na farkon. Tarkon yana wajen ɗinkin. In an gama kashi na ƙarshe aka koma sama, kashi iri ɗaya sau uku ke nan a jere kafin gada ta sake zuwa. Hankalinka ya ɗan tafi kan ko ka kulle mota, shi ke nan, ba ka san ko a na biyu kake ko a na uku ba. Sau nawa na shiga gada ni kaɗai, sauran suna baya da gaɓa takwas! Kuma in mai bes ya shiga gada da ƙarfin hali, yakan ja rabin ƙungiya su bi shi cikin ruwa. Karon farko da na ɓace tsayawa na yi cak. Baba ya ce wannan ya fi ɓatan muni: in ka ɓace ka ci gaba da taku, ka sassauta murya, ka buɗe kunne. Mai ganga yakan yi ɗan ado a ƙarshen kowace takwas, hannun Ticha yakan faɗi kod, kuma gada in ta zo ba ta ɓuya. Maganin da ya fi duka shi ne ka riƙa rera asalin waƙar a zuci tun daga farko har ƙarshe, ko me mai busa yake yi a sama. Na kuma koyi alamun da ake yi ba da baki ba. Baba ya dafa kansa, a koma asalin waƙa. Ya ɗaga dunƙulen hannu, wannan ne zagayen ƙarshe. Ya ɗaga yatsu huɗu, za a yi musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga, inda kowa zai yi tsit ya bar yaron shi kaɗai, kai kuma kana ƙirge a ciki don ka faɗo daidai a kan kod ɗin da ya kamata.

Batun murya kuma, Baba bai taɓa ɓoye cewa babbar bes ta katako yake so ba, irin mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye, wadda Jimmy Blanton ya fito da martabarta a ƙungiyar Duke Ellington daga 1939, kafin tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana ɗan shekara 23. Ta lantarki kuma, a 1951 Leo Fender ya fito da tasa kasuwa da sunan Precision, kuma Monk Montgomery na cikin na farko da suka shiga da ita jaz, a ƙungiyar Lionel Hampton. Mu dai ba mu da ta katako, ba mu da kuɗinta, ko da mun samu ma ba ta shiga Keke Napep. Don haka sai dabara: a rage ƙarar sama a maɓallin murya, a kaɗa kusa da ƙarshen wuya da gefen yatsa, a cusa ɗan soso a ƙarƙashin wayoyi dab da gada don sauti ya yi tim ya mutu da wuri. Sabbin wayoyi tsada gare su kuma sai an aiko daga Legas, sai na ji ana cewa in an dafa tsofaffi a ruwan zafi dattin ciki yakan fita su dawo da ƙara. Na dafa su a tukunyar da ba ta miya ba, na shanya, na mayar. Sun kuwa dawo da ƙara, ƙyal-ƙyal kamar sababbi. Baba ya ji sauti biyu ya ce, "Wa ya taɓa mini wayoyin nan?" Ashe mutuwar tasu ita yake so. Sai da na yi wata biyu ina zuba musu gumi kafin ya daina harara ta.

Hunturu ma ya koya mini nasa. Iskar ta busar da katakon wuya, bakin firet suka fito suna yankar hannu, wuyan ya ɗan lanƙwaso, wayoyi suka yi sama har dannawa ta zama aikin ƙarfi. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Kwata ɗaya na juyi ake yi, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Da damina ta sauka katakon ya sha laima ya koma baya, wayoyi suka kama zizara a kan firet, na sassauta abin da na ɗaure. Yanzu sau biyu a shekara nake yi, kamar sauya bargo.

Hajiyarmu ta zo daga Zariya ta ga abin jingine a falo, ta ce, "Yanzu da karatunka da aikinka, roƙo za ka koma?" Na ce Hajiya ba ma yi wa kowa kirari, ba a yi mana liƙi, kuɗin man janareta ma karo-karo muke yi. Ba ta gamsu ba, sai da na ambaci Bala Miller, wanda ya yi zamani a Kaduna yana waƙa da Hausa da kayan kiɗan Turawa. Ta ce ta tuna shi a talabijin, mutum mai tsafta. Ba ta sa albarka ba, amma ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata goma sha ɗaya da fara zuwana aka gayyace mu liyafar ritayar wani abokin Baba, a zauren wani otal. Mun isa da wuri. Na ajiye amfilifaya a lungu don kada ta tare hanya, na kaɗa E, tagogi suka amsa, cokula suka yi rawa a kan tebur. Zangon sautin E ya haura mita takwas, lungu kuma tara shi yake yi ya ninka. Muka jawo ta daga bango, muka ɗora a kan kujera, na rage ƙasa na ƙara tsakiya, sannan aka fara jin sauti ɗaya-ɗaya maimakon rugugi. Tafin hannuna sai gumi yake yi, ina gogewa a wando.

Kiɗa uku na farko sun wuce lafiya, mutane na cin abinci, ba mai kallonmu, abin da ya kwantar mini da hankali. Na huɗu buluz ɗinmu ne na F. Baba ya gama nasa, mai saksofon ya karɓa, yana cikin zagaye na biyu, muna gaɓa ta biyar, aka ɗauke wuta. Zaure ya yi duhu, mutane suka yi "aah" ɗin da aka saba. Fiyanon Ticha ta lantarki ce, ta mutu. Tawa ma ta mutu. Amma ganga da saksofon ba ruwansu da NEPA, kuma na ji muryar Baba cikin duhu yana cewa, "Ku ci gaba!" Yaron bai saki bugu ba. Ni kuma, ban san dalili ba, yatsuna ba su tsaya ba. Na ci gaba da takawa a kan wayoyin da ba mai jin su, ni kaina sai ta cikina nake jin karkarwarsu inda katakon ya jingina: B-filat, F, D, G, C, juyi, sama. Fitilun wayoyin hannu suka fara kunnuwa tebur-tebur. Zagaye ɗaya a wannan saurin sakan 24 ne. Muka cinye wancan, muka shiga wani, muka cinye, ina jin ana fama da janareta a bayan gini, ya tashi ya mutu, ya sake tashi. A zagaye na gaba, ina taka bugu na huɗu na gaɓa ta takwas, fitilu suka kawo, ƙaramar jar fitilar amfilifaya ta kama, sai ga G ta fito ɓam a kan bugu na ɗaya na gaɓa ta tara, daidai inda mai saksofon yake. Ticha ya faɗo a kan C a gaɓa ta goma, don fiyanonsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta farka. Wasu tebura suka yi tafi, ina jin dawowar wuta suke yi wa. Mai ganga ya dube ni ya daki babban faifai sau ɗaya da ƙarfi. Baba ko waiwayowa bai yi ba, ya dai dafa kansa, muka koma asalin waƙa muka rufe.

Matata ta ɗauki abin duka a waya daga teburinsu. Da muka koma gida, ko takalmi ban cire ba na ce ta kunna mini wurin. Ga duhu, ga saksofon, ga ganga, ga wuta ta dawo, ga ni a gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ta mayar baya ta sake kunnawa, ta kara wayar a kunne, ta ce, "Wai kai ina naka kiɗan? Ni da wuta da babu wuta duk ɗaya nake ji." Na tashi na shiga ɗaki neman iyafis.